Kibiyar da Lok Ya Zaci Kyauta Ce: Yadda Masu Sharhi Suka Karɓi Littafin Golding

Wani mutum yana tsaye a bakin kogi, idonsa a kan tsibirin da ke tsallake. Ganyaye suka motsa, wata fuska ta leƙo. Mai fuskar ya ɗaga wata sanda a tsaye. Sandar ta fara gajarcewa ta sama da ta ƙasa a lokaci guda, can kuma sai ta miƙe ta koma tsawonta. Busasshiyar bishiyar da ke dab da kunnen mutumin ta yi ƙara. Da ya waiwaya sai ya ga wani tsinke ya tsiro a jikinta, da gashin tsuntsu a gindinsa, da farin ƙashi a bakinsa, an shafa masa wani abu mai danƙo wanda hancinsa ya gaya masa kada ya kai shi baki. Ya juya abin a ransa, ya tsayar da cewa kyauta ce aka aiko masa.

Kai mai karatu ka riga shi ganewa. Baka aka ɗana, kibiya aka sake, dafi ne a tsininta, kuma kuskure kaɗan ya hana ta shiga kansa. Shi kuwa Lok, don haka sunansa yake, bai taɓa ganin kwari da baka ba, bai kuma taɓa jin cewa mutum yana iya nufin mutum da kisa ba. Wannan ɗan wurin da bai cika shafi guda ba yana cikin The Inheritors, wato Magada, ƙagaggen labarin da marubucin Ingila William Golding ya rubuta, kamfanin Faber and Faber ya buga a Landan a 1955. Yabo da suka da jayayyar da aka yi a kan littafin cikin shekara 70, kusan dukkansu ana iya tsamo su daga wannan kibiya ɗaya.

Lok ɗan jinsin da masana kimiyya ke kira Niyandatal ne. An samo sunan daga kwarin Neander da ke kusa da birnin Düsseldorf a Jamus, inda masu fasa dutse suka tono wasu ƙasusuwa a 1856. Bisa lissafin masanan, mutanen sun zauna a Turai da yammacin Asiya na dubban ɗaruruwan shekaru, sannan sawunsu ya ɗauke wajen shekara 40,000 da suka wuce, ba da daɗewa ba bayan irin mutanenmu sun bazu a Turai. Golding ya ɗauki wannan ɓacewar ya matse ta ta zama labarin gida ɗaya mai mutum takwas: dattijo Mal, da tsohuwa mai riƙon wuta, da Ha, da Nil, da Fa, da Lok, da yarinya Liku, da jaririn da ba a raɗa wa suna ba tukuna. Sanyi ya wuce, sun baro bakin teku sun nufi mazauninsu na kan dutse kusa da inda kogi ke zubowa daga tsauni. Gungumen da suka saba takawa su haye ruwa babu shi. Mal ya faɗa ruwa, sanyi ya kama shi, ya rasu. Ha ya ɓace. Aka kashe Nil da tsohuwa, aka sace Liku da jaririn. Waɗanda suka aikata kuwa “sababbin mutane” ne, masu kwale-kwale da kibau da giyar zuma. Mu ke nan.

Ba a fahimtar yadda aka karɓi littafin sai an san da wa Golding yake faɗa. A shafin farko ya kafa wata magana daga The Outline of History na H. G. Wells, wanda ya fito a 1920, inda aka siffanta ɗan Niyandatal da muni, da gashi buzu-buzu, da tafiyar gwaggon biri, har aka ce wataƙila mai cin naman mutane ne, kuma daga gare shi ne dodon tatsuniya ya samo asali. Golding ya taso da wannan littafi a gida. Mahaifinsa malamin kimiyya ne wanda ya yi imani da cewa hankali da ilimi suna kai ɗan Adam gaba kullum, kuma Golding ya faɗa a wata hira cewa littafin Wells tamkar littafin aƙidar mahaifin nasa ne. Sai ɗan ya shiga sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu, ya halarci saukar dakarun ƙawance a gaɓar Faransa a 1944, ya dawo ya ci gaba da koyarwa a makarantar ’yan maza a garin Salisbury da wani ra’ayi dabam. Daga baya ya rubuta cewa duk wanda ya ratsa waɗancan shekarun bai gane cewa mutum yana samar da mugunta kamar yadda ƙudan zuma ke samar da zuma ba, to ko dai makaho ne ko kuma kansa ba daidai yake ba. Shi ya sa ya kifar da hoton Wells. A littafinsa, wanda ake ce wa dodo shi ne mai goya yarinya a kafaɗa yana ba ta dariya, masu kashe mutum su ci namansa kuwa su ne kakanninmu, don yunwa da tsoro sun sa sun kashe Liku sun cinye.

Akwai wani suna a cikin waccan magana ta shafin farko da ya kamata ɗan Najeriya ya tsaya a kansa. Zancen dodon ba na Wells ba ne shi kaɗai, ya ɗauko shi ne daga bakin Sa Harry Johnston. Wannan Johnston shi ne jami’in Birtaniya da ya gayyaci Sarki Jaja na Opobo zuwa tattaunawa a 1887, ya kama shi, aka yi masa shari’a a Akara, aka kore shi zuwa tsibiran Karibiyan. Mutumin da ya zana wa Turawa siffar dodon zamanin dā shi ne dai yake zana musu siffar mutanen da suke mamaye wa ƙasa. Masu sharhin da suka karanta littafin a matsayin labarin mulkin mallaka ba su ƙaƙaba masa komai ba, ƙofar tana nan a buɗe tun shafin farko.

Littafin ya fito shekara ɗaya kacal bayan Lord of the Flies, ƙagaggen labarin Golding na farko, wanda da yawa cikin waɗanda suka yi adabin Turanci a sakandare suka sani. John Carey, wanda ya wallafa tarihin rayuwar Golding a 2009, ya nuna cewa a cikin kusan wata guda Golding ya kammala rubutun farko na The Inheritors, a ƙarshen 1954, yana kuma zuwa aji kullum. Manyan marubuta sun yi maraba da shi. Arthur Koestler ya kamanta shi da girgizar ƙasa a cikin sandararren dajin ƙagaggun labaran Ingila, maganar da har yau ake maimaitawa. Frank Kermode, ɗaya daga cikin fitattun masu nazarin adabi na lokacin, yana cikin waɗanda suka tsaya wa Golding tun da wuri. Amma kasuwa ba ta bi bakin manya ba. Sai a 1962 aka buga shi a Amurka, bayan Lord of the Flies ya riga ya mamaye jami’o’in ƙasar, kuma har yau a inuwarsa yake zaune. Shi kuwa marubucin, wanda ya ci kyautar Booker a 1980 da ta Nobel a 1983, ya sha faɗa cewa a cikin littattafansa wannan ne ya fi so.

Dalilin da ya hana shi karɓuwa wurin jama’a ba ɓoyayye ba ne: yana da wuyar shiga. Ni kaina sau biyu ina ajiye shi kafin in wuce babi na uku. Babu inda marubucin ya tsaya ya kama hannunka ya ce ga abin da ke faruwa. Mutanen Lok ba sa cewa “na yi tunani”, cewa suke yi “ina da hoto”, kuma wani lokaci hoton yana ratsawa daga kan wannan zuwa na wancan ba tare da an yi magana ba. Hanci da kunne da tafin ƙafa sun fi ƙwaƙwalwa aiki. Sai ka karanta shafi biyu kana laluben inda kogi yake da inda dutse yake, kamar wanda aka saka a ɗaki mai duhu aka ce ya gane kayan ciki da taɓawa. Wasu masu karatu sun ɗauki wannan a matsayin gazawa, suka ce marubucin ya wahalar da su a banza. A karo na uku da na daure na kai wurin kibiyar, sai na ji gabana ya faɗi, saboda na tarar ina so in yi wa Lok ihu ya sunkuya, kuma na san dalilin da ya sa ni na gane shi bai gane ba. Na san kibiya ne domin ni ɗan gidan masu harbin ne.

A nan ne jayayyar da ta fi kowace daɗewa ta taso, kuma ba tsakanin masu sharhin jarida ba, tsakanin masana harshe. A 1971 M. A. K. Halliday ya wallafa wata maƙala da ya bi jimlolin littafin ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya yi nahawun Hausa ya san aikau da aikatau da karɓau, ya kuma san bambancin aikatau so-karɓau, kamar “Audu ya sare itace”, da ƙi-karɓau, kamar “Audu ya tafi”. Halliday ya lura cewa a mafi yawan littafin, inda ake kallon duniya ta idon Lok, aikatan ƙi-karɓau ne suka yi rinjaye. Mutane suna motsi, suna juyawa, suna tsugunawa, amma da wuya aikinsu ya faɗa a kan wani abu ya sauya shi. Sau da yawa ma aikau ɗin ba mutum ba ne: sanda ce ta tashi, ganye ne ya motsa, hanci ne ya bincika. Ba a ce mutumin ya ja tsarkiya ba, cewa aka yi sandar ta gajarce. A babin ƙarshe kuwa, da aka koma kallon abubuwa ta idon sababbin mutane, sai jimlolin suka zama irin waɗanda muka saba da su, mutum yana aikata abu a kan abu. Daga nan Halliday ya kai ga cewa nahawun shi kansa shi ne jigon: mutanen da harshensu bai haɗa dalili da sakamako ba, ba za su iya juya duniyar da ke kewaye da su ba, kuma ba za su tsaya wa masu iyawa ba.

Shekara biyu bayan haka, a 1973, Ba’amurke Stanley Fish ya mayar da martani mai zafi a kan fannin nazarin salo gaba ɗaya, ya kuma sa Halliday cikin waɗanda ya kama da suna. Ƙorafinsa shi ne, ƙirga aikatau abu ne guda, cewa ga ma’anarsu kuma wani abu ne dabam, kuma babu gadar da ta haɗa su in ban da ra’ayin da mai nazarin ya shigo da shi tun farko. Wato Halliday ya riga ya yarda cewa mai ƙarfi ne ya kawar da rarrauna, sannan ya je nahawu neman shaida. Ana iya ɗaukar jimlolin nan ɗin dai a ce suna nuna mutanen da suke zaune lafiya da duniya, ba sa ganin kansu a matsayin iyayen gijinta.

A ganina kowannensu ya riƙe rabin gaskiya, amma rabin Fish ya fi nauyi. Abin da Halliday ya gani yana nan a shafi, kowa na iya zuwa ya duba, kuma daga irin wannan aiki ne manazarta irin su Roger Fowler, da Geoffrey Leech da Michael Short a littafinsu na 1981, suka gina bayanin yadda salon jimla ke bayyana yanayin tunanin tauraron labari. Inda ya zame shi ne wurin ɗaukar harshen Lok a matsayin naƙasa zalla. Bahaushe ma yakan ce “tulu ya fashe” ko da shi ya sake shi, ya ce “zazzaɓi ya kama ni”, ya ce “hanya ta ɓace mini”, kuma wannan bai hana shi sanin wanda ya yi sakaci ba. Nahawu ba ma’aunin hankali ba ne. Mun kuwa san irin ɓarnar da aka yi da wannan zato a zamanin da ake auna wayewar al’umma da siffar harshenta. Abin da Golding ya yi ya fi haka zurfi. Ya cire mai aikatawa daga jimla domin kai mai karatu ka mayar da shi da hannunka. Duk lokacin da ka fassara “sanda ta gajarce” zuwa “ya ɗana baka”, ka ba da shaida a kan kanka.

Akwai wurin da wannan ya fito fili. Can kusa da ƙarshe, bayan bala’i ya gama ratsa shi, Lok ya gano kalmar “kamar”. Ya daɗe yana amfani da ita bai san yana yi ba, yanzu sai ya riƙe ta kamar makami: sababbin mutanen nan kamar kerkeci mai yunwa suke, kamar zuma suke, kamar ruwan da ke zubowa daga tsauni wanda babu mai tare shi. Abin da ɗalibin adabi ke kira kamantawa, a nan shi ne matakin farko na tunani irin namu. Mark Kinkead-Weekes da Ian Gregor, waɗanda suka fitar da nazari mai tsawo a kan littattafan Golding a 1967, suna cikin waɗanda suka ja hankali ga yadda littafin yake sa mai karatu ya koyi gani da wasu idanu. Abin tausayin shi ne, ranar da Lok ya fara fahimta ita ce ranar da ba shi da sauran wanda zai gaya wa in ban da Fa, ita ma ba da jimawa ba ruwa ya tafi da ita.

Ko littafin labarin kimiyya ne ko kuwa a’a, an ɗan taɓa wannan ma. Faber ba su sayar da shi da wannan suna ba, babu kumbo babu na’ura a cikinsa. Amma Peter Alterman ya yi nazarinsa a mujallar Science Fiction Studies a 1978 a matsayin labarin haɗuwa da baƙin halittu, David Pringle kuma ya sa shi cikin fitattun labaran kimiyya 100 da ya zaɓa a 1985. Suna da hujja. Ginshiƙin wannan fanni shi ne a ɗauki abin da kimiyya ta sani, a gina wata duniya a kai, a sa ka kalli taka daga waje. Bambancin kawai shi ne a nan baƙin da suka sauka da makaman da ba a san irinsu ba, fuskarmu gare su.

Masu karatu da idon addini su ma sun sami abin kamawa. Sunan littafin yana tuna wa Kirista faɗar Linjila cewa masu tawali’u ne za su gāji duniya, alhali a labarin masu tawali’un ne aka shafe. Kalmar da Turanci ke kiran zubowar ruwa daga tsauni da ita, ita ce kuma ake kiran faɗuwar Adamu daga Aljanna da ita, don haka manazarta da dama suka karanta littafin a matsayin sharhi a kan aƙidar zunubin asali. Musulmi bai yarda cewa ana gadon zunubi ba, kowa kayansa yake ɗauka. Duk da haka, duk sanda na kai ƙarshen littafin nan, aya ta 30 ta Suratul Baƙara ce take faɗo mini, inda mala’iku suka tambayi Ubangiji ko zai sanya a bayan ƙasa wanda zai yi ɓarna a cikinta ya zubar da jini, Ya amsa musu da cewa Shi Ya san abin da ba su sani ba. Ba ina cewa ayar tana magana a kan Niyandatal ba ne, wannan ba hurumina ba ne. Abin da nake nufi shi ne Golding ya tsaya tsayin daka a kan tambayar mala’ikun, kuma saɓanin masu sharhi a kansa ya ta’allaƙa ne a kan ko ya bar wa amsar wuri.

Sai kuma masu ƙasusuwa, waɗanda sukarsu ta fi ta kowa sauƙin faɗa. Siffar Niyandatal da Golding ya gada ta samo asali ne daga wani kwarangwal da aka tono a La Chapelle-aux-Saints a Faransa a 1908, wanda masani Marcellin Boule ya harhaɗa ya fito da shi a ranƙwafe, gwiwa a lanƙwashe, wuya a gaba. Shekara biyu kacal bayan fitowar littafin, a 1957, William Straus da Alexander Cave suka sake duba ƙasusuwan, suka nuna cewa mutumin dattijo ne da amosanin gaɓɓai ya cinye, har suka ce da za a yi masa wanka da aski a sa masa tufafi, da zai shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa a birnin New York ba wanda zai waiwaya. Tun daga nan hoton ya ci gaba da sauyawa. Ƙoƙon kansu bai gaza namu girma ba. Suna sassaƙa dutse su ɗaura shi a kan mashi, suna dafa ɓawon itace su fitar da danƙon liƙa shi. Mafarauta ne na gaske: binciken da aka wallafa a 2023 a kan wurin da ake kira Neumark-Nord a Jamus ya nuna suna kashe manyan giwaye suna feɗe su wajen shekara 125,000 da suka wuce. Mutanen Lok kuwa ba sa kisa, sai tsutsa da saiwa da zuma, in sun ci nama to ragowar abin da wani naman daji ya kashe ne, suna ci suna neman uzuri. Abin da ya fi wannan nauyi, a kogon Goyet na Beljiyam da El Sidrón na Sifaniya an sami ƙasusuwan Niyandatal da alamun yanka da fasawa irin na wanda aka ci namansa. Laifin da Golding ya ɗora wa kakanninmu, ashe su ma ba su kuɓuta daga gare shi ba.

Ba a ko’ina ya kuskure ba. Mutanensa suna jinyar tsohonsu, suna binne shi da guzurin nama da ruwa. A kogon Shanidar da ke yankin Kurdawan Iraƙi, Ralph Solecki ya tono a 1957 kwarangwal na wani mutum da hannunsa ɗaya ya shanye, ga tsohon rauni a fuska, amma ya rayu shekaru da yawa a haka, abin da ba zai yiwu ba sai da masu kula da shi. Ni dai ban ga amfanin a riƙa bin ƙagaggen labari da jan biro ana yi masa makin jarrabawar kimiyya ba. Jean Auel ta yi bincike mai yawa kafin ta fitar da The Clan of the Cave Bear a 1980, ta sayar da miliyoyin kwafi, amma tauraruwarta tana tunani ne kamar ’yar zamaninmu da aka ɗaura wa fata. Golding ya fi ta kuskuren ƙashi, ya kuma fi ta kai mutum inda bai taɓa zuwa ba.

Sukar da nake ganin ta kama shi da gaske wata ce dabam, kuma ƙasusuwan nan sun ƙara mata ƙarfi. Domin ya sa mu tausaya wa mutanen Lok, sai ya wanke su tas, ya mai da su yara: ba ƙarya, ba ƙyashi, ba faɗa, ba su ma iya riƙe tunani biyu a lokaci guda. Wells ya ce dodanni ne, Golding ya ce jarirai ne, kuma a duka biyun ba a bar su sun zama cikakkun mutane ba. Mu da aka yi wa mulkin mallaka mun san wannan tagwayen hoto sarai, domin Baturen da ya kira mu dabbobi da wanda ya kira mu yara masu kirki da ke buƙatar uba, a jirgi ɗaya suka zo. A 1975 Chinua Achebe ya tuhumi Joseph Conrad da hana ’yan Afirka baki a labarinsa na Kogin Kwango. Golding ya fi Conrad a nan, don ya ba waɗanda aka zalunta ido da murya da babi goma sha ɗaya cikin goma sha biyu. Sai dai tambayar tana nan: da a ce Lok mafarauci ne mai fushi, mai wayo, wanda ya iya rama harbi, shin kashe ’yarsa da shafe zuriyarsa zai rage muni? Ba zai rage ba ko kaɗan. Wanda aka zalunta ba sai ya zama waliyyi ba kafin a ce an zalunce shi. Littafin ya jingina tausayinmu a kan tsarkin waɗanda aka kashe, kuma wannan jingina ce mai rauni.

Abin da ya cece shi a wurina shi ne babi na 12, wanda masu ganin littafin a matsayin tsinuwa ga ɗan Adam sukan yi saurin wucewa. Tun a ƙarshen babi na 11 marubucin ya janye daga cikin kan Lok, muka gan shi daga waje a karo na farko: wata jar halitta mai gashi tana sunsuna toka, ta tono ’yar saiwar da Liku take wasa da ita kamar ’yartsana, ruwa yana zuba daga idanunta, sannan ta je ta kwanta a inda aka binne Mal. Daga nan sai ga mu a cikin kwale-kwale tare da sababbin mutane suna gudu. Ba murnar nasara suke yi ba. A tsorace suke, ba su yi barci ba, sun yi imani cewa aljanun daji suka kuɓuce wa. Yarinyarsu Tanakil, wadda ta yi ƙawance da Liku, ta zautu, sunan ƙawarta kawai take kira. Tuami, mai zanensu, yana wasa wuƙar hauren giwa da niyyar soke shugabansu Marlan. Duk muguntar da muka gani daga nesa, da aka matso sai ta zama tsoro da yunwa da jahiltar wanda ke tsallaken ruwa. Su ma sun kalli Lok sun karanta shi ba daidai ba, kamar yadda ya karanta kibiyarsu.

Kuma akwai fasinja guda a jirgin da ba nasu ba: jaririn nan mai jan gashi. Vivani, wadda nata ɗan ya mutu, ita take ba shi nono. Yana rarrafe a cikin gashinta, mutanen da ke tsoronsa suka fashe da dariya, Tuami ya dube su su biyu ya ga siffar da zai sassaƙa a ƙotar wuƙar, har tsininta ya daina damunsa. A 1955 wannan jariri dabarar marubuci ce kawai, kuma shekaru da dama bayan haka ra’ayin da ya fi ƙarfi a tsakanin masana shi ne jinsunan biyu ba su haɗa jini ba. A 2010 ayarin Svante Pääbo na cibiyar Max Planck da ke Leipzig suka fitar da taswirar ƙwayoyin gadon Niyandatal, aikin da yana cikin abin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2022. Sakamakon ya nuna cewa mutanen da asalinsu yake wajen Afirka suna ɗauke da wani kaso na wannan gado, wanda yanzu ake ƙiyasta shi da kusan 2 cikin 100. An ɗauka ’yan Afirka ba su da ko ɗigo, sai wani bincike na Jami’ar Princeton a 2020, wanda ya haɗa da samfurin Yarbawa da Esan daga Najeriya, ya gano kusan 0.3 cikin 100 a jikinsu, mafi yawansa ta hanyar mutanen da suka komo nahiyar daga baya suna ɗauke da shi.